Rijiyar da Ummi Ta Ƙi Shiga da Rana

Wejdan ce ta jawo mana. 'Yata ce, shekararta tara, ta dawo daga makaranta da littafin tatsuniyoyin Jamus da aka juya zuwa Larabci, ta zauna tana karanta wa kakarta labarin wata yarinya da ta faɗa rijiya. Mahaifiyata Ummi, wadda tun bara ƙwaƙwalwarta ta fara yoyo, ta taɓe baki.

"Tamu ba faɗawa ta yi ba. Da ƙafarta ta sauka neman guga, ta tarar da kasuwa tana ci a ƙasan ruwa."

Na san tatsuniyar, har bakin kasuwar. Ina ƙarama a nan unguwar Hindawiyya kullum a daidai nan barci yake kwashe ni, kuma ban taɓa tambayar ƙarshen ba, don ina ganin Ummi ba inda za ta.

"Kammili, ya Sitti," in ji Wejdan da Larabci, wato kaka ta ƙarasa, tana girgiza mata gwiwa.

"Da rana tsaka? Ba a tatsuniya da rana. Ku bari a yi magariba."

A nan gizo ke saƙar. Da safe Ummi garau take, har takan tuna kalar zanen da ta sa ranar da suka baro Sudan. La'asar na yi sai ta fara neman takalmanta, wai za ta gida. Kafin magariba ko sunana ba ta riƙe ba, balle kasuwar ƙasan rijiya.

Na kasa zama. Na buga wa ƙanwarta a garin Madani can Sudan, ta ce ita tatsuniyar awaki ta sani. Na je kasuwar Bab Makka wajen tsofaffin da ke sayar da yaji, kowacce ta ba ni nata ƙarshen, babu biyu da suka zo ɗaya. Ran Asabar da hantsi na ja labule, na kashe fitila, na ce dare ya yi. Ummi ta dube ni sheƙeƙe.

"Mansura, tsufa na yi, ban haukace ba."

Haushi ya ishe ni, kuka ya ƙwace mini. Na ce mata gaskiya: tsoro nake ji ta tafi da ƙarshen labarin.

Sai ta ce in buɗe labulen, in za a karya doka a karya ta a fili. Ta fara, muryarta tangaran. Yarinya ta sauka, ta bi rumfa-rumfa, ta iske guganta a hannun wata tsohuwa mai sayar da gishiri. Sai Ummi ta tsaya. Leɓenta na motsi, babu abin da ke fita. Ta kama hannuna ta matse.

"Sai me ya faru? Ai ke kin sani, na sha gaya miki."

Wejdan ta zuba mini ido. Na ƙago ƙarshe, na ce tsohuwar ta miƙa mata gugan, ta raka ta har bakin igiya, yarinya ta hau ta tarar da uwarta tana jira.

Ummi ta saki hannuna, ta jingina da matashi.

"Haka ne," ta ce. "Ashe ba barci kike yi ba."