Odar Hawaye Daga Maraɗi

Tankari bai taɓa ɗaukar hoton ɗan Adam a matsayin sana'a ba. Shekararsa bakwai a birnin Guangzhou na ƙasar China, aikinsa jakunkunan mata: ya je kasuwar Shiling da kyamara, a jera masa su, ya ɗauki baki, ya ɗauki gindi, ya tura wa 'yan kasuwar Maraɗi su zaɓa. Jaka kuwa ba ta da gardama, inda ka ajiye ta nan za ka same ta.

Sai ga auren Saffana, 'yar gwaggonsa, mai sarin tufafi a kasuwar Shisanhang. Taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta iya kallon fuskarsa ba ta tuntsire da dariya ba. Angon shi ne Abass, ɗan zangon Kumasi mai loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. An riga an ɗaura auren can Maraɗi, waliyyai sun gama komai, an raba goro. Abin da ya rage a nan walima ce ta mutum tara a wani tsohon masauki da ke unguwar Liwan, gidan da ya haura shekara ɗari, tagoginsa gilashi ja da shuɗi, inda 'yan China ke zuwa hoton aure suna washe haƙora.

Da safe saƙon muryar Gwaggo Fasuma ya shigo wayarsa.

"Tankari, buɗe kunnenka. Ba na son hoton fure, ba na son hoton shinkafa. Hawaye nake so. Gobe matan unguwa za su zo kallon hotuna. In suka ga 'yata na dariya ranar aurenta, cewa za su yi dama ta ƙosa ta rabu da ni. An hana ni biza, ban sa ta a lalle ba, ban raka ta ɗaki ba. Kada ka bari a ƙara mini da wannan."

Ya ce an gama, kamar yadda yake cewa idan an yi masa odar jaka dozin biyu. Bai san ya ɗauko Dala ba gammo.

Domin Saffana ranar nan bakinta ya ƙi rufuwa. Mace mai shekara talatin da huɗu, ta zaɓi mijinta da idonta, ta ɗinka leshinta da guminta, ina dalilin kuka? Ya tsayar da ita a gindin taga, hasken rana ya zubo mata ja da shuɗi a kan mayafi, ya ce ta sunkuyar da kai ta tuna wani abin baƙin ciki.

"Ina ta kallon hancinka ai," ta ce, "amma har yanzu bai isa ba."

"Ke dai an yi tsohuwar amarya marar kunya. Gwaggo za ta tsine mini saboda ke."

Ya shiga madafa neman albasa. Mai dafuwa ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo," wato babu, sai ganyenta, wanda ko jariri ba zai sa kuka ba. Wata ƙawar amarya ta zaro kwalbar man zafin nan kore na 'yan China, aka ɗiga mata a ƙasan ido. Idon ya rufe ruf, ya kumbura, ya yi jawur. Tankari ya duba hoton ya ga mai ciwon afolo tana dariya da ido ɗaya. Abass ya ce bari shi ma ya taimaka, ya gyara babbar riga ya fara ba da labarin yadda rago ya tunkuyi kakansa a Kumasi har ya yi ajalinsa. Bai kai tsakiya ba amarya ta riƙe ciki, ango da kansa ya biye mata. Haushi ya kama Tankari sosai. Hoto ɗari biyu a kyamara, duk haƙora.

Duk wannan bidiri, mai masaukin na zaune a kujerar gora tana kallo. Tsohuwa ce ƙarama, kowa na ce mata Apo, wato kaka. Ta kira Abass, wanda ke ɗan jin yarensu, ta tambaye shi wacece uwar amarya a cikin matan nan. Ya ce uwar tana Afirka. Apo ta yi tsaki irin nasu, ta shige ciki, ta dawo da matajin katako ɗaure da jan zare.

"Wai a gidan nan ba a fitar da amarya sai babbar mace ta taje mata kai," in ji Abass. "Tun zamanin kakarta haka ake yi."

"Voilà, shi ke nan," Saffana ta ce tana ƙyalƙyala, "ga aiki ga mai yi."

Ta zauna a kan ɗan benci ta ɗan ja mayafin baya. Apo ta ɗaga mataji ta ci karo da kitso shuku, an ja shi tamau, babu inda haƙorin mataji zai shiga. Ta juya shi nan, ta juya shi can. Da ta ga ba hanya, sai ta ajiye matajin, ta sa ɗan yatsa a tsagar farko ta bi ta a hankali tun daga goshi har ƙeya, tana gunagunin wata addu'a da ba wanda ya fahimta. Ta koma tsaga ta biyu. Da Saffana ta motsa, tsohuwar ta dafe mata kai da tafin hannu ta mayar da shi daidai, yadda kowace uwa ke yi wa 'yar da ta ƙi zama.

A tsaga ta uku dariyar ta ɗauke. Kukan bai zo da kyan gani ba. Baki ya karkace, kwalli ya zubo, kafaɗu na rawa, tana cewa "Inna" da muryar 'yar shekara shida. Shekara huɗu rabonta da gida. Abass ya rasa inda zai sa hannunsa. Tankari ya ji tausayinta, amma yatsansa ya saba aiki, ya danna sau uku.

Bayan ta lafa, ya matso da kyamara yana ƙoƙarin mayar da abin wasa.

"To Alhamdulillahi, kaya sun fito. Yanzu zan tura."

Ta karɓa ta daɗe tana kallon kanta.

"Kada ka tura wannan."

"Ke! Tun safe shi muke nema."

"Inna ta san kukana, Tankari. Ita ta haife ni. In ta ga wannan ba za ta ƙara cin abinci da daɗi ba, kuma ba ta da hanyar zuwa."

Ta miƙe, ta wanke fuska a famfon tsakar gida, ƙawarta ta gyara mata kwalli. Ta koma gindin taga, ta ja mayafi ya rufe rabin fuska, ta langaɓar da kai, ta ɗora hannu a kumatu, ta matse ido har ɗigo ɗaya ya gangaro.

"Ɗauki wannan," ta ce. "Matan unguwa za su yarda. Inna kuma tana gani za ta san ƙarya nake, hankalinta ya kwanta."