Hasken da Farfesa Ya Ƙara

Tana cikin duba hoto na ɗari da goma sha huɗu aka banko ƙofar ɗakin madubin duba ƙwayoyin halitta, hasken baranda ya kwararo ciki.

"A rufe ƙofa!" ta ce, tun kafin ta ga ko wane ne.

Farfesa ne, shugaban sashe, tare da baƙi uku daga hukumar da ke tallafa wa bincike. Ya sha farar rigar aiki wadda ko karin kanti bai bar jikinta ba. Shekara goma rabonsa da taɓa madubin nan, amma duk ranar da mai ɗaukar hoto ya zo, shi za ka gani a gabansa ya kanne ido ɗaya.

"Ɗalibata ce, muna ce mata Ƙaramar Dakta," in ji shi. "'Yata, nuna musu abin da muke yi."

Wai muke yi! Wata takwas ta kwashe ita kaɗai tana renon ƙwayoyin halittar nan. A cikin kowace ƙwaya akwai siraran zaruruwa da ake kira aktin, da su take ja, take tafiya. Ta sa musu rini mai ƙyallin kore, ta kwantar da ƙwayoyin a kan shimfiɗa mai laushi mai ɗigo-ɗigo. Gwargwadon yadda ɗigon ya gusa, gwargwadon ƙarfin jan. Farantin ƙwayoyin na yau shi ne na ƙarshe, rinin ya ƙare, kuma babin ƙarshe na kundin digirinta a kansa ya rataya. Awa shida na ɗaukar hoto take buƙata, ta samu huɗu.

Wata baƙuwa mai tabarau ta matso kusa da allon kwamfuta. "Ni fa duhu kawai nake gani."

"Da gangan ne, ranki ya daɗe. Ƙwayoyin ba sa jure haske mai yawa, shi ya sa..."

Farfesa ya kwashe da dariya. "Yaran yanzu, har hasken ma rowarsa suke yi." Ya miƙa hannu kan makunnin leza, fitilar da ke haska ƙwayoyin.

"Yallaɓai, don Allah kar ka taɓa!"

"Kina firamare na sa hannu aka sayo na'urar nan." Ya murɗa shi har ƙarshe.

Allon ya haske fau. Zaruruwan suka fito ƙarara, kore shar, gwanin kyau. Sai gefen ƙwayar ya fara janyewa, ta tattare, ta dunƙule wuri guda. Lambobin awo suka yi sama.

"Kun gani?" Farfesa ya buɗe hannuwa. "Ƙarfi ke nan! Ba a taɓa auna irinsa ba."

Baƙin suka tafa. Ita kuwa takaici ya cika ta. Ko ɗalibin shekarar farko ya san wannan ba ja ba ne. Ƙonewa ƙwayar ta yi, mutuwa take, ga mutum uku masu manyan takardu suna mata tafi. Da suka fita ta zagaya sauran farantin. Zafi ya bi ta kan maƙwabtan, babu wadda za ta moru.

Bayan azahar ya aika aka kira ta ofis. Yana kishingiɗe a kujera, ya riga ya buga hoton ya jingina shi a kan tebur.

"Kin ga amfanin gogewa? Wata takwas kina lalube, ni minti biyu. Gobe zan tura sakamakon babban taron masana. Kuma ni ba azzalumi ba ne, zan sa sunanki na biyu."

Ta dubi hoton. Ta tuna waɗanda ke zama a sahun gaba a taron nan, mutanen da suka yi furfura a kan aktin, masu gane gawar ƙwaya daga ƙarshen zaure.

"A'a, Yallaɓai," ta ce cikin ladabi, har da ɗan rusunawa. "Ai da hannunka ka yi. Sa naka kai kaɗai."

Ya gyaɗa kai, ya ce yana son yarinya mai tarbiyya.