Ɗige-ɗigen Ƙarshen Layi

Wata huɗu da rasuwar Yaya aka ɗora mini aikinsa a ofis, har da kujerarsa mai ƙara. Shi ke kula da fayil ɗin umarni, wanda kwamfuta ke bi layi-layi tana harhaɗa manhajarmu. Ban so ba. Ciwon da ya ɗauke shi, shi ya ɗauke Baba, kuma dukansu da rawar hannu ya fara musu. Likita ya ce in zo a gwada ni, na ce aiki ya yi mini yawa. Ƙarya nake, tsoro ne kawai.

Ranar Talata da hantsi harhaɗawar ta tsaya cak. Na karanta fayil ɗin sau uku, ban ga kuskure ba. Dogo, abokin aikina na teburin gefe, ya miƙo wuya.

"Ke, kunna abin nan mai nuna tazara. In aka bar tazara ko ɗaya bayan alamar da ke nuna umarni ya ci gaba a layi na gaba, ido ba ya gani, ita kuwa kwamfuta sai ta rikice."

Na kunna. Duk inda aka taɓa maɓallin tazara sai ɗigo ya bayyana, ga su nan birjik a ƙarshen layuka. Na bi tarihin fayil ɗin. Layukan shekara uku baya tsaf suke, don Yaya mutum ne mai tsantseni. Na shekara biyu, ɗigo ɗaya nan, ɗaya can. Na bara kuwa, biyar, takwas, goma. Babban yatsansa ne ke rawa a kan maɓallin. Taku biyu ne tsakanin teburina da nasa, kuma duk lokacin nan tsokanarsa nake wai ya cika zubar da ruwa a riga. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Da na dawo na share su tas, aiki ya ci gaba.

Laraba ya sake tsayawa. Ɗigo uku, a layin da na share da hannuna. Na goge. Alhamis suka dawo huɗu. Kujerar ma na kasa jingina da ita.

"Anya marigayi ya gama sallama da fayil ɗinsa kuwa?" in ji Dogo. Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta.

Wallahi na so a ce hakan ne. Fatalwar Yaya ba za ta cuce ni ba.

Dogo ya buɗe wurin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi. Ya daɗe yana kallo.

"'Yar'uwa," ya ce a hankali, "sunanki ne a jiki."

Na buɗe sabon layi, na ɗora hannuwana a kan maɓallan, babban yatsana a kan na tazara, ban danna komai da gangan ba. Muna kallo ɗigo ya fito, wani ya biyo shi.