Ƙofar Mai Bene

"Sauke hannunka daga jikin ƙarfen nan, ko ni in sauke maka shi!"

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ja da baya, igiya a hannunsa. Gwaggo mai gawayi ta dire bahonta a tsakar gida, ta je ta jingina bayanta da ƙofar, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ƙofar ƙarfe ce irin ta gidajen masu hali, mai ƙyaure biyu, koriya shar, da tsinaye a samanta kamar masu. Mota biyu za su iya shiga ta cikinta kafaɗa da kafaɗa. Shekara goma sha tara tana jingine a bangon wannan gidan haya, wanda shi kansa ba shi da ƙofa sai fallen kwano da ake tokarewa da dutse.

"Haba Gwaggo," in ji ɗan ƙanen mai ƙofar, wani dogo mai agogo da ƙamshin turare. "Kawu fa jikinsa ya yi nisa. Me zai yi da ita? Ta tare wa mutane wuri."

"Au, ka san jikinsa ya yi nisa? Wata huɗu yana kwance, wa ka gani yana kwashe masa fo? Kai ne? Yau da ka kwaso ƙafa ka zo, ba ka zo da ko lemo ɗaya ba, sai ka zo da mai sikeli. Mutum da ransa, yana jin ku ta labule!"

"Ni fa kirana aka yi, Iya," in ji mai ƙarafa.

"To koma inda aka kira ka."

Ya naɗe igiyarsa ya fita. Ɗan ƙanen ya tsaya yana kallon takalmansa.

Mai ƙofar maigadi ne. Shekara talatin ya yi a bakin gidan wani attajiri, da an yi hon ya taso da gudu, rana ko ruwa. A cikin waɗannan shekaru ya matse bakinsa da cikinsa har ya sayi fili a bayan gari. Kowa ya ce ya fara da bulo, ya ƙi. Ya ce mai wucewa ai ƙofa yake gani, ba ya ganin ɗaki, don haka ƙofa zai fara. Ranar da ya ɗauko ta a bayan mota ya kai filin, sai ya tarar da wani ƙato ya riga ya zuba harsashi, ya kuma zaro masa takardu masu hatimi uku, shi kuwa nasa hatimi ɗaya ne. Ya bi ofisoshi har takalmansa suka huje. Kullum a ce ya dawo jibi. Matarsa ta rasu ana cikin jibin nan. Da bayansa ya ranƙwafa, attajirin ya sallame shi da buhun shinkafa da "Allah ya saka da alheri". Shi ke nan fa. Shekara talatin!

Amma bai bar ƙofar ba. Duk ƙarshen mako sai ya goge ta da tsumma, ya ɗiga mata mai a gaɓoɓi, yana ba duk wanda ya tsaya labarin benen da zai tsaya a bayanta, da falon baƙi, da tagogin gilashi. Gwaggo ce ta laƙaba masa Mai Bene, ranar da ya yi mata tas a gaban mutane don ta dafa ƙofar da hannun gawayi. Sunan ya bi shi har ya danne nasa na yanka. Tun yana fushi har ya koma amsawa.

Gwaggo ta ɗaga labulen ɗakinsa ta shiga. Ɗakin na warin man zafi. Yana kwance a katifa, ya ƙare sai idanu, tsohuwar hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa.

"Mai baƙin hannu," ya ce a hankali. "Na ji muryarki. Har kan titi ma sun ji."

"Su ji mana. Tashi ka sha ruwa."

Ta tallafo kansa. Ya kurɓa sau biyu, ya kau da baki.

"Ki bar su su ɗauka. Yaron bai yi ƙarya ba."

"Rufe min baki."

"Abu ɗaya ne dai." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kin san ko ido a rufe, in aka buɗe ƙofa a layin maigidana, zan gaya miki ta gidan wane ne. Kowace da kukanta. Amma tawa ban san kukanta ba. Ban taɓa ganinta a tsaye ba, Gwaggo. Ko sau ɗaya."

Gwaggo ta ajiye kofin. Ta gyara masa bargo da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi, ta fita.

Mai walda yana nan a rumfarsa ta bakin titi, ya tsufa shi ma, baƙin gilashi a goshi. Shi ya ƙera ƙofar.

"Ka san ƙofar Mai Bene?"

"Wa bai santa ba? Ban sake yin mai kyanta ba."

"To kai ka ƙera ta, kai za ka tsayar da ita. Gobe."

"A ina? Ya samu filin ne?"

"A tsakar gida."

Mai walda ya sauke gilashin daga goshinsa ya dube ta da kyau. "Gwaggo, ƙofa ai bango take so. A tsakar gida ta shiga ina, ta fita ina?"

"Na tambaye ka inda za ta shiga? Turaku biyu, ramuka biyu. Ko aikin ya fi ƙarfinka in nemi yara?"

Ya yi dariya har da tari. Daga baya ya daina. "Jikin nasa ne?"

"Jikin nasa ne."

"Zan zo da sassafe."

Mai gidan haya ne ya so ya kawo cikas. Ya iso ana cikin haƙa, babbar riga tana jan ƙasa.

"Wa ya ba ku izinin fasa min tsakar gida?"

"Ni ce," in ji Gwaggo. "Ramuka biyu ne, Alhaji. Na rufin ɗakina sun fi goma, damina uku ina kwana da kwanoni a kan gado, ban ga ka zo da gudu haka ba. Kwana bakwai nake so. In ka hana, wallahi gobe a bakin shagonka zan kasa gawayina, duk wanda ya zo sayayya in ba shi labarin masai ɗin gidan nan."

Matan gidan suka ƙunshe dariya a bakin zane. Alhaji ya dubi ramukan, ya dubi labulen ɗakin mara lafiya.

"Kwana bakwai," ya ce. "A cike min su bayan nan."

Kafin hantsi ƙofar ta tsaya. Tsakanin igiyar shanya da bakin rijiya, babu bango a dama, babu a hagu, kaji suna zagaye ta. Amma da rana ta dake ta, koren nan ya ɗauki ido, har masu wucewa suna leƙowa ta saman fallen kwano.

Gwaggo ta aika aka kira ɗan ƙanen. Ya zo yana cin magani.

"Ka ce kawunka ne. To zo ka ɗauki kawunka."

Shi da mai walda suka ɗora tsohon a kujerar roba, suka fito da shi. Da ɗan ƙanen ya ji rashin nauyinsa, sai fuskarsa ta canza. Suka zagaya da shi ta bakin rijiya, suka tsaya a gaban ƙofar, ta wajen da ya zama waje. Tsohon ya ɗaga kai yana bin tsinayen da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo tana ta ciki. Ta wanke hannuwanta da sabulu har sau uku, duk da baƙin da ya shige cikin tsagar fata ba ya fita. Ta ɗora hularsa ta aiki a kan ɗankwalinta. Ta kai hannu za ta zare sakata.

"A'a," in ji tsohon. "Ba a yi hon ba."

Aka dubi juna. Mai walda ya gyara murya. "Piim! Piim!"

Gidan ya kwashe da dariya. Gwaggo ta ja ƙyauren, ya ƙi motsi.

"Ta ƙasa tukuna," in ji tsohon, muryarsa ta ɗan dawo. "Ɗaga sakatar ƙasa. Yauwa. Ki ja na dama ki kai shi ƙarshe, sannan na hagu. Kada ki ba mota baya. Kai, wannan maigadi ba za ta kwana biyu a bakin aiki ba."

"Ka samu ma an buɗe maka, tsohon banza."

Ƙyauren ya tafi sumul. Na biyun ma haka. Babu ƙara ko ta sisin kwabo, sai wani ɗan siririn numfashi da ƙarfen ya yi. Tsohon ya karkata kunne, ya rufe ido.

"Kin ji?" ya ce. "Ba ta kuka."

Gwaggo ta koma gefe, ta ƙame, ta ɗaga hannu zuwa hular yadda ta sha ganin masu gadi suna yi. Ta buɗe baki da niyyar tsokana, sai muryar ta fito daban.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Suka shigo da shi a hankali. Daidai tsakiya ya ce su tsaya. Ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen, sannan ya kamo hannun Gwaggo ya ɗora a wurin, ya danne da nasa.

"Dafa abinki," ya ce.

Kwana uku ya ƙara. Ya sa an ɗage labulen ɗakinsa don ya riƙa ganinta daga katifa. Ranar ta uku da la'asar Gwaggo ta kawo masa ruwa, ta tarar idanunsa suna kan ƙofar, shi kuwa ya tafi. Da aka zo fita da shi, masu ɗauka suka nufi gefen rijiya don ya fi kusa. Ɗan ƙanen ne ya ce su dakata. Ya je da kansa ya ɗaga sakatar ƙasa, ya ja na dama ya kai ƙarshe, sannan na hagu.

Ranar da kwana bakwai suka cika, mai ƙarafa ya dawo da igiyarsa da mutum huɗu. Gwaggo ta zauna a bakin ɗakinta tana ƙulla gawayi a leda, ba ta ɗaga kai ba har ƙarar motarsu ta ɓace. Aka cike ramukan da ƙasa, aka daddaɓe, amma wurin ya fi sauran tsakar gidan duhu, tabo biyu, taku shida tsakaninsu.

Washegari da safe ta ɗora bahon gawayi a ka. Hanyar fita tana hagu, ta gefen rijiya. Ta yi dama, ta zagaya igiyar shanya, ta bi ta tsakanin tabon nan biyu, sannan ta kau da dutsen ta ja fallen kwano.