Ganyen Giginya na Gidan Rath

Shekara goma sha tara Kuntala Sethi tana aiki a laburaren garin Sonapada, kuma a takardar gwamnati aikinta bai wuce layi ɗaya ba: shara, kaɗe ƙura, jera jaridu. Iyayenta masu wanki ne, kakanninta ma haka, irin mutanen da manyan gari ba sa karɓar ruwan sha daga hannunsu. Doka ta daɗe da hana wannan, amma dokar tana can Bhubaneswar, babban birnin jihar, Sonapada kuwa tana nan bakin kogi.

A ƙuryar laburaren akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, inda ake ajiye littattafan da aka rubuta a kan ganyen giginya da tsinken ƙarfe. Kowane littafi ɗauri ne na ganye da aka huda aka zura wa zare, aka matse tsakanin katako biyu, aka naɗe da jan ƙyalle. Akwai wanda ke bayanin maganin ciwon haƙorin giwa. Akwai wanda ya jera sunayen iska talatin da biyu, kowace da halinta, har da wata da aka ce tana sa akuya dariya. Kakan tsoho Rath ne ya ba da su kyauta, da sharaɗin cewa babu mai taɓa su sai mai zaren bauta a kafaɗa, wato zuriyar masu hidimar ɗakin bauta. Tsoho Rath, jikan, shi ne shugaban kwamitin laburaren, kuma bai manta da sharaɗin ba.

Ganyen nan yana son mai. In aka bar shi ya bushe sai ya karye kamar ƙwarya. Dole a riƙa shafa masa man wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, a goga baƙin hayaƙin fitila don rubutun ya fito, a share da auduga. Shugaban laburaren, Panigrahi, wanda shi ma mai zaren ne, shi ke wannan aiki, har shekara bakwai da suka wuce hannunsa ya soma karkarwa. Wata rana da azahar, an rufe don cin abinci, ya kira Kuntala, ya kulle ƙofar ƙarfen daga ciki, ya ce mata ta wanke hannu. Tun daga ranar ita ce ke shafa man, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana sauraren motsi. Kafin ta fito takan dirje yatsunta da toka, don kada wani ya ga baƙi a ƙarƙashin farcenta.

A ɓoye kuma ta yi karatun aikin laburare ta hanyar wasiƙa, ta ci jarrabawa, ta ninke takardar shedar ta tura ƙasan tukunyar shinkafa.

Sai ga sanarwa daga babban birni. Za a ɗauki mutum ɗaya daga gundumar a koya masa gyaran tsofaffin rubuce-rubuce na wata shida, in ya dawo ya zama mataimakin shugaban laburare. Sharaɗi ɗaya ne: shugabansa ya sa hannu cewa ya taɓa yin aikin da hannunsa.

Ta cika fom, ta kai wa Panigrahi a ɗakin ƙarfe, ta ajiye a kan tebur ba ta miƙa masa ba.

Ya karanta, ya cire tabarau. "Kuntala, me na yi miki?"

"Yallaɓai, ba abin da ka yi min sai alheri."

"To me ya sa kike son ki kashe ni? In na rubuta wannan, na rubuta cewa shekara bakwai ina yaudarar Rath. Kin san shi ke da ta cewa a ɗakin bauta. Ina da 'ya'ya biyu da ba su yi aure ba. Ke kuma kina tsammanin zai bar ki ko da da tsintsiyar ne?"

"Ai ka sa wa Dibakar magatakarda hannu."

"Dibakar ɗan 'yar'uwar Rath ne."

"Bai taɓa kwance ɗauri ko ɗaya ba, Yallaɓai."

"Na sani. Ɗauke takardarki, kuma kada ki bari kowa ya gan ta."

Ta ɗauke. Amma Dibakar, magatakardan laburaren, ya riga ya hango ta lokacin da take cikewa a bayan kantar jaridu. Washegari tana shara ya ɗaga ƙafafunsa sama yana dariya.

"A kauce, a kauce, ga farfesa za ta wuce! Kuntala, a Bhubaneswar ɗin ma tsintsiya za su koya miki? Ashe akwai digirinta?"

"Akwai. Darasin farko yadda ake share wanda ya zauna ba ya aikin komai."

"Kai, baki! To me kika rubuta a layin gogewa? Ni dai abin da nake son sani ke nan." Ya rage murya. "Don na lura in kin fito daga can ƙurya da azahar, ƙamshin lemo kike yi. Ban san shara na sa ƙamshi ba."

Ta ci gaba da shara. Ranar ba ta iya cin abincin da ta zo da shi ba. Tun daga nan duk wanda ya shigo laburaren sai ta dubi fuskarsa ko ya ji wani abu. Mai sayar da kifi ya kalle ta a kasuwa, sai ta ɓoye hannunta a cikin zane. Aikin nan shi ke ciyar da ita da mijinta da ya daina gani sosai. In an kore ta, abin da ya rage mata dutsen wanki ne a bakin kogi, ga bayanta ba zai iya ba.

Ranar Talata ma'aikaciyar da za ta tantance masu neman gurbin ta iso, wata gajerar mace mai furfura da ake kira Madam Hembram. Tsoho Rath ya zo da sandarsa da farin mayafi, aka sa masa kujera a ɗakin ƙarfe. Kuntala ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsumma, inda aka saba ganinta. Fom ɗin yana ninke a cikin rigarta, ba ta san ma dalilin da ya sa ta zo da shi ba.

Madam ta sa Panigrahi ya kwance ɗauri biyu. Ta sunkuya ta sansana, ta duba ta gefe.

"Na zagaya gunduma shida ban ga ganye mai laushin wannan ba. Wa ke kula da su?"

"Ni ne," in ji Panigrahi, hannayensa a bayansa. "Dibakar kuma yana taimakawa."

"Jini ne, Madam," in ji tsoho Rath. "Abin gado ne."

"Madalla. To Dibakar, ɗauko min wancan na ƙasa, ka nuna min yadda kake yi."

Kuntala ta bi yatsan Madam da ido. Kantar ƙasa ita ce ba ta kai gare ta ba a bana, don damina ta yi tsawo. Ɗaurin da aka nuna shi ne mafi tsufa a ɗakin, littafin gane ruwan rijiya ta hanyar ɗanɗana ƙasa. Rabonsa da mai ya haura shekara.

Dibakar ya ɗauko shi da hannu ɗaya kamar rake. Ya warware ƙyallen, ya fizgi zaren. Ya kama ganyen farko ta kusurwa da yatsu biyu, ya soma lanƙwasa shi zai juya kamar shafin jarida. Ganyen ya yi wata 'yar ƙara siririya.

Ba ta yanke shawarar komai ba. Ta dai ji tsumma ya faɗi, ta ji muryarta ta ce, "Sake shi! Za ka karya shi!" Sai ga ta a gaban tebur, ta zura tafin hannunta biyu a ƙarƙashin ganyen, ta tallabe shi a kwance, ta sauke shi kan ƙyalle a hankali, ta sassauta zaren da ɗan yatsa.

Sai a lokacin ta ga hannunta, ta ga inda yake.

Tsoho Rath ya miƙe. Bai dube ta ba, Panigrahi ya duba. "Ta taɓa."

"Kawu, ai na gaya maka ina jin wani ƙamshi..." in ji Dibakar.

"Rufe min baki. Je ka ɗakin bauta ka ce a ba ka tulun ruwan tsarki da ganyen tulsi. Yanzu."

Dibakar ya fita da gudu. Ɗakin bautar yana tsallaken hanya ne kawai. Kuntala ta ja da baya har ta jingina da bango. Tana jin Madam na cewa wannan laburaren gwamnati ne, akwai doka, tsohon kuma yana amsawa cewa dokar ba ta san kakansa ba. Kafin su gama Dibakar ya dawo da tulun tagulla.

Tsohon ya tsoma tulsin, wani ganye mai ƙamshi da suke yin tsarki da shi, a ruwa, ya ɗaga hannu a kan littafin da ke buɗe.

"Yallaɓai Rath," in ji Kuntala. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Ka zuba min a kai. Ka zuba wa ɗakin. Amma busasshen ganye in ya sha ruwa kumbura yake, ya tsage, kwana uku ya yi fumfuna. Ba zai gyaru ba."

"Wa ya ba ki izinin magana? Ke ce za ki koya min littafin kakana? Daga yau..."

"Dakata, Yallaɓai." Panigrahi ne. Ya fito da hannayensa daga baya, ya ɗora su a kan tebur tsakanin tulun da littafin, suna ta karkarwa kowa na gani. "Dubi wannan. Shekara bakwai ke nan ko kofin shayi ba na iya riƙewa daidai. In tsarki za ka yi, tulu ɗaya ba zai isa ba. Babu ɗaurin da ba ta taɓa ba a ɗakin nan, wasu sau biyar. Ni na kira ta, ni na kulle ƙofa. Da ban yi ba, da yanzu gari za ka tarar a cikin ƙyallayen nan."

Ruwa ya ɗiga daga ganyen tulsin a kan simintin ƙasa. Tsohon ya daɗe yana kallon kantocin, daga sama har ƙasa. Sannan ya mayar da ganyen cikin tulu.

"Panigrahi, kada in ƙara ganin ƙafarka a hidimar ɗakin bauta."

"Na ji."

"Littattafan kuma ba su kwana a nan ba. Kyauta ce da sharaɗi, an karya sharaɗi."

Madam ta ce wannan sai kotu ta yanke. Ya ce ta je kotun. Ya fita yana dogara sanda, Dibakar na biye da tulu.

Madam Hembram ta juyo ta dubi Kuntala. "Sunanki?"

Ta faɗa.

"Sau nawa kike shafa mai a shekara?"

"Sau ɗaya, Madam, bayan damina. Tsofaffin kuma kaɗan-kaɗan, kwana uku a jere, in ba haka ba sai su yi danƙo."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Na ɓata guda ɗaya a shekarar farko."

Madam ta yi murmushi. "Kina da takardar karatu?"

"Tana gida. A tukunyar shinkafa."

"Ni tawa a cikin rufin ciyawa na ɓoye ta, ɓera ya ci kusurwarta. Fom fa?"

Kuntala ta zaro shi daga riga, gumi ya jiƙa gefensa. Madam ta shimfiɗa shi a gaban Panigrahi ta ba shi alƙalami. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya zauna a kujerar da tsohon ya bari, ya rufe ido.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Madam. "Zan rubuta sunanki, gurbin naki ne. Amma kwamitin nan na iya korarki kafin takarda ta iso, kuma in kin dawo da shedar, ban san ko za su buɗe miki ƙofa ba. Kin yarda duk da haka?"

Kuntala ta tuna mijinta yana zaune a ƙofar gida yana jiran motsin ƙafarta.

"Na yarda, Madam."

Da la'asar mutanen gidan Rath suka zo da amalanke da akwatunan ƙarfe uku. Suka yi ta kwasar ɗaurin suna jibgawa. Ba a bar ta ta matsa kusa ba, sai ta tsaya a baranda tana kallo. Da suka zo rufe akwatin ƙarshe ta kasa daurewa, ta ɗaga murya ta ce wa babbansu su sa busasshen ganyen darbejiya a ciki, kuma kada su ajiye akwatunan a ƙasa, su ɗora a kan bulo. Mutumin ya waiga ya dubi hanya ko maigidansa na kusa.

"Bulo nawa?" ya tambaya a hankali.

"Biyu-biyu. Nesa da bango."

Ya gyaɗa kai, ya tura amalanken. Ita kuma ta kama hanyar tashar mota, don ta tambayi ƙarfe nawa motar Bhubaneswar ke tashi, da kuma gefen da mutum ke zama in yana jin amai, domin ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce awa ɗaya ba.