Cikin Tasalla

"Ni ban ce komai ba," in ji Hammawa daga bakin zaure, "amma ki bari Inna Sauda ungozoma ta duba ki. Gari ya ɗauki magana."

Aron turmi ya shigo da ni gidan. Tasalla maƙwabciyata ce a Gwangwan, katanga ce kawai tsakaninmu. Tana zaune a tabarma ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta ƙura wa Hammawa, ƙanin marigayi mijinta, ido har ya sunkuyar da kai.

"Hammawa, ran da aka kawo ni gidan nan ko kaciya ba a yi maka ba. Yau ni kake tuhuma?"

Tasalla mace ce mai jiki sosai. Tun safe take zama gaban tanda tana suyar waina, ba ta tashi sai azahar. Tuwo kuwa ba ya shiga bakinta sai man shanu ya kwanta a kan miya. Mu dai hutu muke kiran wannan ƙiba. Amma da mijinta ya shekara biyu a ƙasa, sai damatsanta suka soma zubewa, ciki kuma ya turo gaba. Mata suka shiga ƙus-ƙus. Aka tuna da Dabo, direban a-kori-kura, wanda ba ya wuce ƙofarta ranar kasuwa bai ci waina ba.

Daga baya Tasalla ta yarda a duba ta. Inna Sauda ta zo ta lallatsa cikin, ta kara kunne.

"Ban ji motsi ba," ta ce, "amma ba zan rantse ba."

Masu kyautata zato suka ce kwantaccen ciki ne na marigayi. Sauran suka taɓe baki. Masu sayen waina suka ragu.

Da numfashi ya fara yi wa Tasalla wuya, 'yarta Zaituna ta ce sai asibitin Kano, na bi su. Motar da ta samu ranar kuwa ta Dabo ce.

Bayan an ɗauki hoto an gwada jini, likita ya dubi Zaituna.

"Tana shan giya?"

"A'uzu billahi! Likita, uwata ce fa."

"Yi haƙuri, dole in tambaya. Wannan ruwa ne, ba juna biyu ba. Kitse ne ya cika hantarta shekara da shekaru har ta lalace. Ga ƙiba, ga ciwon suga da ba a taɓa aunawa ba. Kun makara, sai dai a rage mata wahala."

Aka zuƙe ruwan da allura. Muka dawo gida cikinta ya saɓe, tana ta murna za ta iya sujada. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa: an je Kano a motar Dabo, an zubar.

Na faɗi abin da kunnena ya ji daga bakin likita. Wata ta ce mini, "Ke dai, Barira, maƙwabtaka ta yi rana."

Ba a jima ba cikin ya dawo, ya fi na da. Idanunta suka yi ruwan ɗorawa, tana magana tana ɓata hanya. Wata safiya ta riƙe hannuna.

"Barira, sun gani ya dawo?"

"Sun gani, Yaya."

"To, su yi ta lissafi."

Da hantsi ta cika. Inna Sauda ce ta yi mata wanka. Da ta fito, mata suka kewaye ta suna kallon bakinta.

"Ruwa ne," ta ce. "Ku miƙo likkafani, ku kuma ji tsoron Allah."

Ran sadakar uku na kai gumba zaure, sai ga Dabo ya yi sallama. Aka amsa can ƙasa-ƙasa. Ya tsuguna a gefen tabarma, ƙafarsa ɗaya a kan ƙasa, ya yi addu'a ya shafa. Hammawa ya daɗe yana kallonsa. Can ya matsa kaɗan, ya tura kwanon gumbar gaban Dabo.