Fenik Ɗaya da Wuƙar Alois

Fenik ɗaya, wato kwabon Jamus na dā, tsohuwa Zenzi ke bin maƙwabcinta Korbinian, yau shekara arba'in da uku. Ranar da aka binne mijinta Alois ta ba shi wuƙar farautar mamacin, mai ƙotar ƙahon barewa. To wuƙa ba a karɓarta kyauta, zumunci take yankewa, dole mai karɓa ya miƙa ɗan wani abu. Korbinian ya laluba aljihu ya ce sai gobe. Goben ce har yau.

Kwatsam sai ga wani mai tara tsofaffin wuƙaƙe daga Munich, ya tarar da Korbinian a mashaya yana yanka cuku da ita. Mutumin nan har da sa farar safar hannu kafin ya taɓa. Ya duba, ya shinshina, ya ce baƙin nan na jikinta shekara ɗari ya yi yana taruwa, shi ne kuɗin. Ya taya yuro dubu huɗu, ya ce Asabar zai dawo.

Kafin yamma Zenzi ta dira gidan Korbinian.

"Korbi, tsohon banza, wuƙar wa za ka sayar?"

"Haba Zenzi, ba ke kika ba ni ba?"

"Ka biya?"

Ya zaro takardar yuro goma. Ko kallonta ba ta yi ba.

"Ni fenik nake bin ka."

"Ai an daina fenik tun tuni, baiwar Allah!"

"Da ka biya lokacin da ake yayinsa."

Ta naɗe wuƙar a gyalenta, ta ce jingina ce, ta fice.

Kwana uku Korbinian na birkice aljihunan tsofaffin riguna. Ita kuwa Zenzi da ta dubi wuƙar da kyau sai kunya ta kama ta. Wato baƙo daga birni ya ga wuƙar Alois da wannan dauɗar? Sai a ce matarsa ƙazama ce! Ta samo toka da yashi ta dirje ta tas, ta wasa ta a dutse, ƙotar ma ta sha sabulu. Wuƙa ta fito tana walƙiya kamar yau aka ƙera.

Ranar Asabar Korbinian ya iso da gumi, riƙe da fenik ɗin da ya tsinto a gwangwanin maɓallan ƙanwarsa, baƙon na biye. Zenzi ta ajiye wuƙar a tebur. Baƙon ya nemi kujera ya zauna.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, ɗana. Ba sai ka biya kuɗin wanki ba."

Ya cire safar hannunsa a hankali. "Yuro talatin. Shi ma don ƙotar."

Korbinian ya soma mai da fenik aljihu. Zenzi ta shimfiɗa tafin hannu.

"Miƙo."

Ya miƙa. Ta juya shi gaba da baya a hasken taga, ta jefa a gwangwanin sukari, ta tura masa wuƙar.

"Yanzu ta zama taka. Sayar da abinka."